Wasiƙar Yahudawan Columbia da Kuɗin Goron da Muke Yi

A farkon watan Mayun 2024, daidai lokacin da tankokin Isra'ila suka doshi birnin Rafah da ke kudancin Gaza, wasu ɗalibai Yahudawa na Jami'ar Columbia da ke birnin New York suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa wadda ɗaruruwansu suka sa wa hannu. Kukansu shi ne kowa ya yi magana da sunansu, saura su. Suka ce ai mu ne waɗanda kuke zama kusa da su a aji, mu ne abokan karatunku, yawancinmu ba mu taɓa zaɓar gwagwarmayar siyasa ba, so muke mu gama jarabawa kamar kowa. Daga nan suka fito da abin da ke ransu: su 'yan Sahayoniya ne kuma ba sa jin kunyar faɗa, sannan abin da ake yi musu a harabar makaranta tsohon ƙin jinin Yahudawa ne aka sauya wa riga.

Karantawar farko haushi ta ba ni. A wannan lokacin ma'aikatar lafiya ta Gaza ta riga ta ƙirga gawa sama da 34,000. Babu jami'a guda a Gaza da bam bai taɓa ba, wasu ma an mayar da su kufai. Ɗaliban can ba jarabawa suke nema su gama ba, gari suke nema da ruwan sha da inda za su binne iyayensu. Sai ga 'ya'yan ɗaya daga cikin makarantu mafi tsada a duniya suna cewa an tsangwame su. Na ajiye wayar ina tsaki.

Bayan kwana biyu na koma na sake karantawa, domin wani wuri a cikinta ya tsaya mini a rai. Sun ce an yi musu ihu a kan hanya cewa su koma Poland. Wanda ya san tarihi ya san nauyin wannan magana. A Poland ne 'yan Nazi suka gina sansanin Auschwitz, kuma kusan rabin Yahudawa miliyan 6 da aka hallaka a Yaƙin Duniya na Biyu Yahudawan Poland ne. Idan ka ce wa jikan waɗannan mutane ya koma Poland, kabarin kakanninsa ka nuna masa da yatsa. Wannan ihun bai ceci yaro ko ɗaya a Gaza ba, kuma ba Netanyahu aka yi wa ba. Wani matashi ɗan shekara 19 ko 20 aka yi wa, wanda aka gane shi da 'yar hular da ke tsakar kansa.

Ina tare da Falasɗinawa, kuma ban matsa ko taku ɗaya ba. Abin da aka yi wa Gaza zalunci ne da babu bakin da zai wanke shi. Duk da haka na yarda waɗannan ɗalibai suna da gaskiya a wani muhimmin wuri, kuma mu da muke kiran kanmu masu goyon bayan wanda aka zalunta mu ne ya fi kamata mu ji ta.

Ga abin da ya faru a idon duniya. Ranar 17 ga Afrilun 2024 ɗalibai suka kafa tantuna a filin Columbia suna neman jami'ar ta janye jarinta daga kamfanonin da ke cin moriyar yaƙin. Buƙata ce halastacciya, irin wadda ɗaliban wannan jami'ar suka yi a 1985 a kan mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, suka kuma yi nasara. Washegari shugabar jami'ar a lokacin, Minouche Shafik, ta kira 'yan sanda, aka kama mutum sama da 100, wutar ta bazu zuwa jami'o'i da dama a faɗin Amurka. A cikin wannan guguwar ne aka ga wata ta ɗaga kwali tana nuna wasu ɗalibai Yahudawa, an rubuta a jikinsa cewa su ne waɗanda dakarun Ƙassam, wato reshen soja na Hamas, za su kai wa hari na gaba. A cikinta ne bidiyon ɗaya daga cikin jagororin zanga-zangar ya fito, inda yake cewa 'yan Sahayoniya ba su cancanci rayuwa ba. Abin ya kai wani limamin Yahudawa da ke aiki da ɗaliban jami'ar ya tura musu saƙo cewa su koma gida har ƙura ta lafa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Jami'ar California da ke Los Angeles. Can masu tantunan suka kewaye sansaninsu da katako da shingen ƙarfe a tsakiyar harabar, suka sa masu gadi a mashiga, suna ɗaura wa nasu wata alama a wuyan hannu. Wanda ba shi da alamar, ko ba wanda ya tsaya masa, sai a tare shi. Wasu ɗalibai Yahudawa suka kai ƙara cewa an hana su bin hanyar da suka saba bi zuwa aji da ɗakin karatu saboda ba za su yi tir da Isra'ila ba, kuma a watan Agustan 2024 wani alƙalin tarayya, Mark Scarsi, ya ce jami'ar ba ta da ikon zuba ido a hana ɗalibi shiga wani ɓangaren makarantarsa saboda imaninsa. Masu tantunan sun ce don kare kai suka yi, kuma tsoronsu ba na banza ba ne: a daren 30 ga Afrilu wasu magoya bayan Isra'ila suka far musu da sanduna da barkonon tsohuwa da wutar tartsatsi, aka shafe sa'o'i kafin 'yan sanda su raba. Wannan ta'asa ce, kuma na yi tir da ita. Amma ba ta mayar da tsayar da ɗalibi a hanya ana tuhumar abin da ke zuciyarsa ya zama daidai ba.

Na san wannan tsayarwar, shi ya sa ta dame ni. A 2014 ina bautar ƙasa a wata makarantar sakandare a kudu. Shekarar ce aka tayar da bam a tashar Nyanya, aka sace 'yan matan Chibok, kuma a watan Yuninta sojoji suka tare matafiya 'yan Arewa 486 a jihar Abiya bisa zargin Boko Haram. Duk safiyar da aka wayi gari da mummunan labari, da na shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu. Wata rana wani abokin aiki, mutumin da muke cin abinci tare, ya aje jarida a gabana ya ce in gaya masa gaskiya, ina goyon bayansu ko ba na yi. Na ce masa 'yan uwana ne suke mutuwa a hannun mutanen nan. Ya gyaɗa kai, amma bayan mako biyu ya sake yi mini tambayar. Daga ranar na ninke hulata na sa a ƙasan jaka, na koma sa riga da wando, in zan yi sallar azahar sai in nemi ajin da babu kowa. Ba wanda ya taɓa lafiyata ko sau ɗaya. Amma har na gama shekarar ban daina jin cewa kullum sai na wanke kaina kafin a bar ni in zama mutum ba. Da na karanta cewa akwai ɗalibai Yahudawa da suke cusa sarƙarsu mai tauraron Dauda, alamar Yahudanci, cikin riga kafin su fita daga ɗaki, ban buƙaci wani ya fassara mini ba.

Za a ce mini ai ba ɗaya ba ne, ni ban taɓa goyon bayan Boko Haram ba, su kuwa da bakinsu suka ce su 'yan Sahayoniya ne. Nan ne kullin yake, kuma sai an zauna a warware shi da haƙuri.

Kalmar nan abu biyu take nufi, ya danganta da kunnen da ya ji ta. Ga Bafalasɗine, Sahayoniyanci shi ne 1948, shekarar da mutum kusan 700,000 suka rasa gidajensu da gonakinsu, aka rushe ɗaruruwan ƙauyuka, wasu tsofaffi suka mutu a sansanonin Labanon da Jodan da makullin gida a hannu. Shi ne mamayar da ta faro a 1967, da shingayen bincike, da matsugunan da ake ginawa a Gaɓar Yamma har gobe. Wanda ya rayu a ƙarƙashin wannan ba a ce masa ya tausasa harshe. Ga ɗalibin da ya sa hannu a wasiƙar kuwa, kalmar ta faro ne daga Turai, inda aka shafe ƙarnoni ana kulle Yahudawa a unguwanni ana yi musu kisan gilla lokaci bayan lokaci, har wani ɗan jarida, Theodor Herzl, ya tara taro a birnin Basel a 1897 ya ce mafita ita ce su samu ƙasa tasu. Bayan shekara 50 Hitler ya riga ya kashe kashi ɗaya cikin uku na Yahudawan duniya, kuma ƙasashe da yawa, har da Amurka, sun rufe ƙofa ga masu gudu. Wasu ɗaliban ma kakanninsu ba daga Turai suka fito ba, daga Bagadaza ne da Alƙahira da San'a da Kasabalanka, garuruwan da Yahudawa suka zauna shekaru aru-aru kafin su watse bayan 1948. A bakin irin wannan yaro, cewa "ni ɗan Sahayoniya ne" na iya nufin abu ɗaya tak: ina so a ce akwai wani wuri a duniya da ba za a rufe mana ƙofa ba. Yana iya faɗin haka yana kuma ƙin Netanyahu, yana ƙin matsugunan, yana son Falasɗinawa su samu ƙasarsu. Masu wasiƙar da kansu sun ce son Isra'ila bai sa sun zama masu bin gwamnatinta ido rufe ba.

Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2020 ya nuna Yahudawan Amurka 8 cikin 10 suna ɗaukar damuwa da Isra'ila a matsayin wani ɓangare mai muhimmanci na zamansu Yahudawa. To idan aka rubuta a ƙofar wata ƙungiyar ɗalibai cewa ba a son ɗan Sahayoniya, ko da mai rubutun ya rantse bai nufi Yahudawa ba, a aikace mafi yawansu ya kora. Kuma wa ake tsayarwa a yi wa tambayar? Akwai miliyoyin Kiristocin Amurka da suka fi Yahudawa da yawa zafin goyon bayan Isra'ila, amma ba a gane su a fuska, ba a tare su. Mai 'yar hula ake tarewa, da mai suna irin na Yahudawa.

Inda na rabu da masu wasiƙar shi ne da suka ce ba a raba addinin Yahudanci da Isra'ila. Wannan imaninsu ne, suna da 'yancin riƙe shi, amma ba su isa su ɗora wa kowane Bayahude ba. A shekarar da Herzl ya tara taronsa, a shekarar ce aka kafa ƙungiyar ma'aikata Yahudawa ta Bund a birnin Vilna, wadda ta ce inda aka haife su nan ne gida, nan za su nemi haƙƙinsu. Har yau a unguwannin New York akwai dubban Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, mabiya ɗariƙar Satmar, waɗanda suke ganin kafa ƙasa kafin zuwan Almasihu saɓon Allah ne. A cikin Columbia ɗin kanta, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi biyu da jami'ar ta dakatar a Nuwamban 2023 saboda zanga-zangar Gaza ta Yahudawa ce, wato Jewish Voice for Peace. Kuma a daren 22 ga Afrilun 2024, daren farko na Idin Ƙetarewa, wasu ɗalibai Yahudawa suka shimfiɗa tabarma a tsakiyar tantunan, suka karanta labarin fitowar kakanninsu daga hannun Fir'auna, suka ci gurasarsu marar yisti tare da abokansu Larabawa. Su ma suna da abin faɗa, kuma nasu farashin ya fi tsada, domin wasunsu har a gidajensu ana kallonsu a matsayin maciya amana. Yahudawa ba su taru sun zama ɗaya ba, kamar yadda mu ma ba mu taru mun zama ɗaya ba.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne 'yan siyasa. Ranar 5 ga Disamban 2023 'yar majalisa Elise Stefanik ta tambayi shugabannin Harvard da Pennsylvania da MIT ko kiran a yi wa Yahudawa kisan ƙare dangi ya saɓa wa dokokin jami'o'insu, suka amsa da harshen lauyoyi cewa ya danganta da yanayi. Amsar ta yi muni, biyu daga cikinsu suka rasa kujerunsu cikin wata guda. Daga nan aka gano cewa tsoron ɗaliban Yahudawa makami ne mai kaifi. Da Trump ya dawo mulki, a Maris ɗin 2025 gwamnatinsa ta janye wa Columbia tallafin dala miliyan 400. A watan ne jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil, Bafalasɗinen da ya shiga tsakanin masu tantuna da hukumar jami'a, yana riƙe da takardar zama ta dindindin, ba a tuhume shi da aikata wani laifi ba, aka kai shi Louisiana ya yi sama da wata 3 a tsare, matarsa ta haifi ɗansu na fari ba ya nan. A watan ne kuma wasu jami'an tsaron gwamnati masu rufe fuska suka kama Rümeysa Öztürk, ɗalibar Jami'ar Tufts 'yar Turkiyya, a kan titi tana hanyar zuwa buɗa-baki, laifinta kawai ta sa hannu a wani rubutun ra'ayi a jaridar makaranta. An fake da guzuma an harbi karsana. Kenneth Stern, lauyan da ya jagoranci rubuta ma'anar ƙin jinin Yahudawa wadda gwamnatoci da dama suke aiki da ita yanzu, ya daɗe yana cewa bai rubuta ta don a toshe bakin ɗalibai ba. Kuma waɗanda suka mamaye zauren Trump Tower suna neman a saki Khalil har aka kama kusan 100 daga cikinsu, ƙungiyar Yahudawa ce ta jagorance su.

Ban manta da ɗaliban nan uku 'yan Falasɗinu da aka harba a jihar Vermont ta Amurka a Nuwamban 2023 suna tafe suna hira da Larabci ba, ɗayansu har yau a keken guragu yake. A Afrilun 2025 Harvard ta fitar da rahoto biyu a rana ɗaya, ɗaya kan ɗalibanta Yahudawa, ɗaya kan Musulmi da Larabawa, kowanne cike da labarin tsoro da ɓoye kai, shugaban jami'ar ya fito ya nemi gafara. Cewa an yi amfani da kukan wani don a zalunci wani bai mayar da kukan ƙarya ba.

Yanzu bari in juyo gida, domin ba Amurkawa ne za su karanta wannan ba. Mu a bakinmu babu Isra'ila, babu sojojinta, babu gwamnatinta, "Yahudawa" kawai muke cewa. Yahudawa sun kai hari, Yahudawa sun kashe yara. Idan ɗan kasuwa ya cuce mu sai mu ce Bayahude ne. Duk lokacin da Gaza ta kama da wuta sai ka ga matasanmu suna yaɗa hoton Hitler a Facebook da wasu kalamai da aka jingina masa, ana ta sa albarka a ƙasa, alhali mutumin nan da ya samu iko da mu baƙaƙen fata da ba a san inda za mu kwana ba. Wannan shi ne kuɗin goro, kuma mun ɗanɗani ɗacinsa da harshenmu. A ƙarshen Maris ɗin 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a garin Uromi na jihar Edo suna hanyar zuwa gida yin Sallah, aka ƙone 16 daga cikinsu. Ba wanda ya tsaya tambayar me kowannensu ya yi. Harshensu da kamanninsu sun wadatar.

Addinin da muke taƙama da shi bai bar mana wannan ƙofar a buɗe ba. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 8, an ce mana kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Ba a kan masoya aka saukar da ita ba, a kan waɗanda muke da dalilin jin haushinsu ne. Akwai kuma wata ruwaya da malaman tafsiri suke kawowa a kan ayoyi na 105 zuwa gaba a Suratun Nisa'i. Wani mutumin Madina, Musulmi, ya saci sulke a cikin buhun gari, garin yana zuba a hanya, ya je ya ajiye shi a gidan wani Bayahude. Da aka bi sawun gari aka tarar da sulken can, danginsa suka taru suka zo wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna neman ya wanke ɗan uwansu a bar Bayahuden da laifi. Sai wahayi ya sauka yana hana kare maha'inta. A Madina ake, a lokacin da zaman Musulmi da wasu ƙabilun Yahudawa ba daɗi, amma aka wanke wanda bai yi sata ba. Tun ina makarantar Islamiyya nake jin wannan ƙissa, ban taɓa jin malamin da ya ce an shafe ta ba.

Akwai kuma maganar riba da asara, ga wanda ita ce za ta fi shigarsa. Babbar hujjar gwamnatin Isra'ila a duniya ita ce masu sukarta ba Falasɗinawa suke so ba, Yahudawa suke ƙi. Duk wanda ya yi ihun a koma Poland, duk wanda ya yaɗa hoton Hitler, shaida ya ba ta kyauta. Kwali guda ɗaya a Columbia ya samu fili a gidajen talabijin na Amurka fiye da ɗaruruwan ɗaliban da suka kwana a tanti cikin lumana, suka yi asarar zangon karatu, wasu aka kore su.

Da ni ne nake zama kusa da ɗaya daga cikin masu wasiƙar nan a aji, ina da tambayoyin da zan yi masa, kuma ba masu sauƙi ba ne. Zan tambaye shi, idan shekara 2,000 ba ta kashe haƙƙin komawar kakanninsa ba, ta yaya shekara 70 da 'yan kai ta kashe na tsohuwar da ke sansanin 'yan gudun hijira na Shatila a Labanon da makullinta. Zan tambaye shi game da Hind Rajab, yarinyar da ba ta wuce shekara 6 ba, wadda ta shafe sa'o'i a waya da ma'aikatan agaji na Red Crescent tana cikin mota tsakanin gawarwakin danginta tana roƙon a zo a ɗauke ta, aka tura ma'aikata biyu da motar asibiti, bayan kwana 12 aka tsinci gawarta da tasu. Sunanta ne ɗaliban Columbia suka rataya a ginin da suka mamaye ranar 30 ga Afrilu. Ina so in ji me mafakar da yake ƙauna za ta ce wa uwar wannan yarinya. Shi ma na san zai tambaye ni game da mutum kusan 1,200 da aka kashe a harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, da matasan da aka bi aka harbe a filin rawa, da tsofaffi da jarirai da aka ja zuwa Gaza, kuma dole in amsa masa ba tare da kwana-kwana ba cewa wannan ma kisan bayin Allah ne, ban yarda da shi ba. Ina so ya zo ajin da hularsa a kai, ya zauna a kujerar da ke kusa da tawa, mu yi wannan maganar har a tashi.